Wa Ke Kula da Manhajar da Mai Ita Ya Watsar?

Saƙonnin da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga rumbunan manhajoji na jama'a, wato wuraren da 'yan sa-kai ke tara buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda rubutun tushensu (umarnin da aka rubuta aka gina su da shi) yake a fili, domin kowa ya sauke kyauta, irin su F-Droid ga masu wayar Android da Flathub ga masu kwamfutar Linux. Mun zaɓi guda biyar daga ciki, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina ya ba ni shawarar in riƙa sauke manhajoji daga F-Droid maimakon Play Store. Ya ce tunda rubutun tushensu a buɗe yake kuma kowa na iya dubawa, babu yadda za a yi a ɓoye mugun abu a ciki. Na bi shawararsa, amma sai na tarar da manhajojin da rabonsu da sabuntawa ya kai shekara huɗu ko biyar. Shin akwai masu tantance abin da ke cikin rumbun nan kuwa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai masu tantancewa, amma ya kamata ka san iyakar abin da suke dubawa, domin a nan ne maganar abokinka ta tsaya ba ta ƙarasa ba. F-Droid, wanda wani mutumin Ingila mai suna Ciaran Gultnieks ya kafa a 2010, ba ya karɓar ginanniyar manhaja daga hannun mai ita ya ɗora kai tsaye. Rubutun tushen yake ɗaukowa daga inda mai manhajar ya ajiye shi a fili, ya gina manhajar a kan nasa kwamfutocin, sannan ya buga mata hatiminsa na dijital, sai fa idan abin da ya gina ya zo daidai da na mai ita ba tare da bambancin ko harafi ɗaya ba, to a nan yana iya fitar da wadda ke ɗauke da hatimin mai ita. Amfanin wannan tsari babba ne, domin yana ba ka tabbacin cewa abin da ya shiga wayarka daga rubutun da kowa ke gani ya fito, ba daga wani rubutun da aka ɓoye ba. Kafin a karɓi sabuwar manhaja kuma, wani ɗan sa-kai yakan duba lasisinta, a binciki ko tana ɗauke da rufaffun sassa ko masu bibiyar mai amfani, kuma idan tana da wani halin da ba a so amma bai kai a ƙi ta ba, sai a rubuta gargaɗi a shafinta: tana nuna talla, ko tana bibiya, ko ta dogara da sabis ɗin wani kamfani, ko rubutun tushenta ya ɓace daga inda yake, ko an san tana da ɓarakar tsaro.

Abin da ba a yi shi ne karanta rubutun kowace manhaja layi bayan layi, kuma masu aikin ba su da yawan da za su iya hakan ko da sun so. Manhaja matsakaiciya tana da dubban layuka, ban da sassan da ta aro daga ayyukan wasu. Bayan an karɓe ta kuma, yawancin sabuntawar da ke biyo baya na'ura ce ke hango fitowarsu, ta gina, ta fitar, ba tare da wani mutum ya sake zama a kansu ba. Ke nan tantancewar ta fi ƙarfi a ranar shiga, alhali manhaja na iya yin shekara goma a rumbun, ta canja hali, ta kuma canja wanda ke riƙe da ita.

Cewa kowa na iya dubawa gaskiya ne, sai dai samun damar dubawa ba ya nufin an duba. Lamarin kamar rijiyar unguwa ne, kowa na jan ruwa, kowa kuma na ɗauka cewa akwai wanda ke yasarta. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Ba farautar masu kutse ya fita ba. Ya lura ne cewa shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, abin ya tsaya masa a rai, ya bi diddigi. Wanda ya dasa ƙofar, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa Lasse Collin, mutumin da ya daɗe yana riƙe da aikin shi kaɗai ba tare da albashi ba, har ya samu amincewarsa da ikon fitar da sabuwar siga. Buɗewar rubutun ce ta sa aka iya tono asirin cikin 'yan makonni kafin abin ya isa ga yawancin masu amfani, amma sa'a ma ta yi nata aikin.

Game da tsofaffin manhajojin da ka gani, binciken da za ka yi da kanka ba ya cin minti biyar. Ka buɗe shafin manhajar a F-Droid ka gangara ƙasa, za ka ga jerin sigoginta na baya-bayan nan da ranar da aka ɗora kowace, tare da mahaɗin da zai kai ka inda rubutun tushen yake da wanda zai kai ka inda ake kai ƙorafi. Na biyun nan ka shiga. Idan ka tarar mutane sun yi shekara biyu suna rubuta cewa manhajar tana rufe kanta a sabuwar Android, babu wanda ya tanka musu, wani na tambaya ko aikin na nan da rai, wani ya aiko da gyara tun bara ba a karɓa ba kuma ba a ƙi ba, to mai ita ya tafi. Idan kuwa sigar ta tsufa amma ka ga mai ita ya amsa wa wani a watan jiya, wannan manhaja ce da ta kammalu, ba ta buƙatar ƙari. Kada kuma ka ɗauki jinkirin mako guda a matsayin alamar watsi, domin F-Droid kan ɗauki kwanaki kafin ya gina sabuwar siga ya fitar. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ƙarin rumbuna: manhajar F-Droid tana ba ka damar ƙara adireshin wasu rumbunan a cikinta, kuma duk abin da ya fito daga can, ƙa'idar masu wancan rumbun ce ta tace shi, ba ta F-Droid ba.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce. Ina da manhajoji biyu da na daɗe ina amfani da su, ɗaya ƙamus ne na Faransanci da ke aiki ba tare da intanet ba, ɗaya kuma da ita nake buɗe takardu da hotunan da ake turo mini ta WhatsApp. Ɗana ya ce duka biyun an daina sabunta su tun da daɗewa, in goge su. Ni kuwa ban ga abin da suka yi mini ba. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, ki bar ƙamus ɗinki, ki nemi madadin ɗayar. Tsufan manhaja shi kaɗai ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me take taɓawa, kuma daga ina abin da take taɓawar yake zuwa. Ƙamus da ba ya hawa intanet, ba ya karɓar komai daga waje sai kalmar da kika rubuta da hannunki, ba shi da ƙofar da mugu zai bi ya shigo. Ki shiga saitin wayarki ki duba izinin da yake da shi. Idan bai nemi lambobin mutanenki ko saƙonninki ko wurin da kike ba, zai iya ƙara shekaru yana yi miki aiki.

Ta biyun kuwa aikinta ke nan buɗe abin da wasu suka aiko, kuma ba kowane mai aikowa kika sani ba, balle a rukunin da ake tura takarda daga hannu zuwa hannu. Irin waɗannan manhajoji ba su cika rubuta sashen da ke karanta hoto ko takarda da kansu ba, aro suke yi daga ayyukan da kowa ke aro. A Satumban 2023 an gano ɓaraka a libwebp, sashen da manhajoji masu ɗimbin yawa ke amfani da shi wajen buɗe wani nau'in hoto, ɓarakar da ta sa hoton da aka ƙera da mugun nufi zai iya zama hanyar kutse da zarar an buɗe shi. Chrome da Firefox da sauran manhajojin da ke da masu kula sun fitar da gyara cikin kwanaki. Wadda ta ɗauki nata kwafin wannan sashe a cikinta kuma mai ita ya tafi, tana nan da ɓarakarta har yau, kuma babu abin da zai nuna miki hakan a fuskar waya. Wannan ne ya sa rashin ganin laifi ba ya zama hujja a nan.

Hukuncin ya fi tsanani ga burauza, da manhajar aika saƙo, da duk wadda ke riƙe kuɗi ko kalmomin sirri, da allon rubutu na waya wanda duk abin da kika rubuta ta kansa yake bi. Sau da yawa ma madadin yana kusa. Da aka daina kula da allon rubutun OpenBoard, wasu suka ɗauki rubutun tushensa suka ci gaba da shi da sunan HeliBoard, wanda ko izinin hawa intanet ba ya nema. Ki kuma sani cewa ranar da kika canja waya, tsohuwar manhaja na iya ƙin shiga, domin tun daga Android 14 wayar ba ta karɓar manhajar da aka gina bisa tsarin da ya girmi Android 6, wato kafin 2015, lokacin da manhaja ke kwashe duk izininta gaba ɗaya a ranar sakawa ba tare da ta sake tambaya ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, sana'ata gyaran waya da tura manhajoji. Akwai wata manhajar kallon hotuna da na daɗe ina saka wa kwastomomi saboda ba ta da talla kuma ba ta cin data. Yanzu wasu suna dawowa suna cewa ta cika su da talla, har kuɗi take nema, suna ganin kamar ni na cuce su. Kutse aka yi mata ne? Daga wani mai gyaran waya a Kano.

Amsa: Malam, abin da ka kwatanta ya fi kama da ciniki fiye da kutse, kuma yana da sanannen tarihi. A ƙarshen 2023 Tibor Kaputa, wanda ya yi shekaru yana gina rukunin buɗaɗɗun manhajoji masu suna Simple Mobile Tools, da suka haɗa da ta kallon hotuna da kalanda da ta lambobin waya, ya sayar da su ga wani kamfani mai suna ZipoApps. Mutane miliyoyi sun zaɓi waɗannan manhajoji ne saboda ba su da talla kuma ba sa bibiya, sai ga sigogin da suka biyo bayan cinikin a Play Store sun zo da talla da neman kuɗin rajista. Sunan bai canja ba, tambarin bai canja ba, wayoyin mutane kuma suka karɓi sabuntawar cikin dare kamar yadda suka saba.

A nan ne darajar tsohuwar manhaja take ga mai saye. Rubutunta ba shi ne abin da yake biyan kuɗi a kai ba, tunda a buɗe yake kowa na iya ɗauka. Abin da yake saye shi ne asusun mai ita a rumbu da ikon buga hatiminta, domin wayar Android tana karɓar duk sabuntawar da ta zo da hatimi iri ɗaya da na wadda ke cikinta, ba ta tambayar ko hannun da ya buga ya canja. Kada kuma a ɗauka wannan ciwon rumbunan jama'a ne kaɗai, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wata manhaja mai suna Barcode Scanner da aka sauke fiye da sau miliyan 10 daga Play Store ta fara buɗe wa mutane shafukan talla da kanta bayan wata sabuntawa a Disamban 2020, a daidai lokacin da take canja hannu. The Great Suspender, wani ƙari na burauzar Chrome mai masu amfani kusan miliyan 2, an sayar da shi a tsakiyar 2020 ga wanda ba a bayyana ba, kuma sai a Fabrairun 2021 Google ya cire shi bayan an gano mugun rubutu a ciki. Wani lokacin ma ba a biyan ko sisi. A 2018 mai wani sashe da ake kira event-stream a rumbun npm, wanda masu gina manhajoji ke saukewa kusan sau miliyan 2 a mako, ya miƙa shi kyauta ga wani baƙo da ya ce zai taimaka, domin shi ya daɗe da daina amfani da shi. Baƙon ya cusa rubutun da ke harin masu ajiyar Bitcoin a manhajar Copay.

A batun Simple Mobile Tools, a ganina rumbun jama'a ya fi kare mutanensa. Tunda F-Droid daga buɗaɗɗen rubutu yake gini kuma da nasa hatimin, sabon mai manhajojin ba shi da hanyar tura wa masu sigar F-Droid tallarsa. Cikin ɗan lokaci kuma wasu daga cikin masu taimaka wa aikin suka ɗauki rubutun ƙarshe kafin cinikin suka ci gaba da shi da sunan Fossify, kuma idan manhajar da kake magana a kai daga wancan rukunin take, Fossify Gallery ce magajiyarta.

Akwai wani gefen da ya shafi sana'arka kai tsaye. Fayilolin manhaja da ke ajiye a kwamfutarka, waɗanda kake tura wa mutane ta waya ko ta Xender, sun tsaya a ranar da ka sauke su. Ko dai su zauna a wayar kwastoma ba sabuntawa har abada, ko kuma, idan hatiminsu ya dace da na Play Store, rumbun ya ɗauke su ya sabunta su zuwa sigar sabon mai su, wanda wataƙila shi ne abin da ya faru da mutanenka. Ya fi maka alheri ka saka musu manhajar F-Droid ɗin kanta, ka sauke abin da suke so ta cikinta, ka nuna musu inda ake sabuntawa. Ka tuna cewa sigar Play Store da ta F-Droid galibi hatiminsu ya bambanta, ɗaya ba ta hawa kan ɗaya sai an goge ta farko, don haka ka kwashe wa mutum bayanansa kafin ka taɓa. Su kuwa gyararrun WhatsApp da ake yawan nema a wajenku, kada a haɗa su da wannan zance ko kaɗan, domin rubutunsu a rufe yake kuma babu rumbun da ya tantance su.

Tambaya: Malam, ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta inda muka saka Linux. Sau da yawa ina ganin manhaja ɗaya a Flathub da Snap Store, wani abokin aikina kuma yana yabon AUR. Wanne ya fi aminci? Kuma me ya sa ba za su share duk matattun manhajoji ba kamar yadda na ji Apple da Google suna yi? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, ukun nan ba tsari ɗaya suke bi ba. A Flathub mutum ne ke duba kowace sabuwar manhaja kafin ta shiga, kuma tun 2024 idan wata sabuntawa ta nemi ƙarin izini, akan riƙe ta sai wani ya duba. Akwai kuma alamar tabbatarwa da ke nuna cewa masu manhajar na asali ne suka ɗora ta, ba wani ɗan sa-kai ne ya naɗe ta a madadinsu ba. Alamar asali take tabbatarwa, ba inganci ba, amma duk da haka tana da amfani, har Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta ɓoye marasa ita daga manajan manhajojinta tun siga ta 22, sai wanda ya kunna da kansa. Alamar watsi a Flathub kuma tana da sauƙin gani. Kowace manhaja tana zaune ne a kan wani ginshiƙi na sassan da ake tarayya a kansu, babban cikinsu ana fitar da sabo kowane Agusta a kula da shi shekara biyu. Idan kana sabuntawa ka ga gargaɗin cewa ginshiƙin wata manhaja ya ƙare wa'adinsa, to babu wanda ya matsar da ita gaba, kuma gyaran tsaro ya daina isa gare ta.

Snap Store na kamfanin Canonical ne, kuma ya daɗe yana barin sababbin manhajoji su shiga da binciken na'ura kaɗai. A 2018 an kama wasu wasanni biyu a ciki suna haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da kwamfutocin mutane. A Fabrairun 2024 wata jabun manhaja da ta ari sunan asusun ajiyar kirifto na Exodus ta yi sanadin da wani ya rasa Bitcoin kusan 9, abin da ya kai dala 490,000 a lokacin. Killacewar da ake yi wa manhaja don kada ta taɓa sauran kwamfuta ba ta hana komai ba, domin manhajar tambayarsa ta yi kalmomin sirrin asusunsa, shi kuma ya rubuta mata da hannunsa. Bayan wannan ne kamfanin ya koma sa mutum ya duba kowane sabon suna kafin a yi masa rajista.

AUR kuwa, rumbun masu amfani da Arch Linux, ba ya ɓoye cewa babu tantancewa kafin ɗorawa. Abin da ke ciki umarnin gini ne da kowa zai iya rubutawa, kuma ana sa ran mai saukewa ya karanta kafin ya gudanar. Idan mai kula da wani ƙunshi, wato manhajar da aka shirya domin sakawa, ya sake shi, ƙunshin ya zama maraya, kuma duk mai asusu na iya ɗaukarsa. A Yulin 2018 wani ya ɗauki marayan ƙunshin acroread, na tsohuwar manhajar karanta PDF, ya ƙara layi guda a umarnin ginin, layin da ke sauko da wani rubutu daga intanet ya dasa shi a kwamfuta domin ya riƙa tattara bayanan na'urar. Wani mai amfani da ya karanta umarnin ne ya gani ya kai rahoto, aka dakatar da asusun, aka kuma tarar ya taɓa wasu ƙunsoshi biyu. A ɗakin da ɗalibai ke amfani da shi, shawarata ka fara da rumbun da ya zo da Linux ɗinku, sannan Flathub mai alamar tabbatarwa, ka bar AUR ga wanda zai zauna ya karanta.

Batun sharewa kuwa, ban goyi bayan a yi shi da ma'aunin shekaru kaɗai ba. A 2022 Apple ya bayyana cewa manhajar da ta yi shekara uku ba sabuntawa kuma ba a sauke ta sosai za a cire ta, sai masu ƙananan wasanni suka yi ca, suna cewa aikinsu ya kammalu kuma yana tafiya lafiya, har kamfanin ya ƙara wa'adin gyara daga kwana 30 zuwa 90. Google kuma yana ɓoye wa masu sababbin wayoyi manhajar da ta yi nisa a baya. Irin wannan shara tana kwashe mai kyau da maras kyau tare, kuma wanda ta fi cutarwa shi ne mai tsohuwar waya ko tsohuwar kwamfuta, wanda tsohuwar sigar ce kaɗai ke yi masa aiki. Irinsa kuwa ba kaɗan ba ne a wajenmu. Ba ta kuma kama mugu, domin mugu ya fi kowa sabuntawa a kan kari. Hanyar Debian, wani nau'in Linux, ta fi kwanta mini. A can akwai jeri a fili na ƙunsoshin da suka zama marayu da waɗanda masu su ke neman mai karɓa, akwai ƙungiyar da ke bin sawun masu kula da suka yi shiru, kuma ƙunshin da ke da babbar matsalar da aka bari ba gyara ana fitar da shi daga siga mai zuwa. Matsala ce ke fitar da shi, ba shekaru ba. F-Droid ma yana da ma'ajiya ta daban da yake mayar da tsofaffin sigogi, wadda mai buƙata zai kunna da saninsa.

Tambaya: Malam, na gina wata ƙaramar manhajar lissafin adashi lokacin ina makaranta, na buɗe rubutunta, mutane kaɗan suna amfani da ita. Yanzu na samu aiki, ba ni da lokacinta. Wani da ban sani ba ya aiko mini da imel yana so in ba shi ita ya ci gaba. In ba shi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, babu wanda ke bin ki bashin ci gaba da aikin da kika yi kyauta, kuma gajiya ba abin kunya ba ce. Abin da ke wuyanki shi ne kada ki tafi shiru, kuma kada ki miƙa amanar mutane ga wanda ba ki sani ba. Ki rubuta a saman bayanin manhajar cewa kin daina kula da ita daga wata kaza, ki fitar da siga ta ƙarshe da za ta ba mutane damar fitar da lissafinsu zuwa fayil idan ba ta da wannan, sannan ki sanar da rumbun da take ciki. Idan a GitHub, shafin da masu gina manhajoji ke ajiye rubutun tushe, rubutun yake, akwai maɓallin da ke mayar da aikin na karatu kawai, ya kuma liƙa sanarwa a samansa cewa an rufe shi.

Shi kuwa mai imel, amsarsa tana cikin lasisin da kika riga kika bayar. Yana da 'yancin ɗaukar rubutun ya ci gaba da shi da sabon suna da nasa hatimin, kamar yadda masu Fossify suka yi, kuma idan aikinsa ya yi kyau har kika gamsu, sai ki nuna wa mutanenki hanyar zuwa wajensa, kowa ya koma da zaɓinsa. Mai niyyar alheri ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya nace sai dai ki ba shi asusunki da mabuɗin hatiminki, hanyar shiga wayoyin mutanenki yake nema. Idan da akwai wanda ya daɗe yana aiko miki da gyare-gyare kuma kin san aikinsa, wannan wani zance ne, ko da yake labarin xz da ya gabata a sama ya nuna cewa ko shi ma ba a sakar masa komai rana ɗaya.

Ki kuma kula da imel ɗin da kika buɗe asusun da shi. A Mayun 2022 wani ya ƙwace ƙunshin ctx a rumbun PyPI na masu rubuta manhajoji da harshen kwamfuta na Python, wanda rabonsa da sabuntawa tun 2014, ba tare da ya fasa komai ba. Adireshin intanet ɗin da imel ɗin mai ƙunshin ke kai ne ya ƙare wa'adi ba a biya ba, sai ya saye shi, ya sake buɗe imel ɗin, ya nemi a aiko masa da sabuwar kalmar sirri, ya ɗora sigar da ke kwashe bayanan sirri daga kwamfutocin masu saukewa. Idan imel ɗin makaranta kika yi amfani da shi, ko na wani adireshin da ba za ki ci gaba da biya ba, ki mayar da asusun kan wanda kike buɗewa kullum, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki kuma ajiye mabuɗin hatimin a wurin da ba ya haɗe da intanet.